Ajin kimiyya don kwamfuta, ko ajin at don hoto da bidiyo? Amsa ga Hajiya kan 'yarta mai shiga SS1

Hajiya, barka da war haka, Allah ya ƙara lafiya. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, na dakata ne don ba magana ba ce da za a yanke a layi biyu. Ga 'yan uwa da ba su gani ba: 'yar Hajiya ta gama JSS3, makaranta ta ba su takarda su zaɓi ɓangaren da za ta shiga a SS1. Yarinyar ita ce mai haɗa wa dangi katin biki da na suna a waya, ita ta tace bidiyon walimar saukar Islamiyyarsu, kuma ta ce hoto da bidiyo ranta yake so. Mahaifinta ya ce a'a, kimiyya za ta yi ta karanta kwamfuta, wancan wasan yara ne. Hajiya ta ƙara da cewa lissafi ba ya ba yarinyar wahala. To wanne ya fi?

Ni kwamfuta nake koyarwa a wata sakandare a nan cikin garin Kaduna, kuma kafin in kama alli na yi shekaru a shagon buga takardu a Tudun Wada, ina haɗa kalanda da katin aure da fostar 'yan takara. Duka biyun na ci tuwo da su, don haka ba zan kushe ɗaya don in ɗaga ɗaya ba. Sai dai ina da wanda zan zaɓa wa wannan yarinya, kuma zan faɗa.

Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a takardar makaranta waɗannan hanyoyi biyu ba kafaɗa ɗaya suke ba. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta fitar da sabon tsarin karatu, inda darasin fasahar dijital ya shiga cikin darussan dole na babbar sakandare, tare da Turanci da Lissafi. Ma'ana, ko ɗan kimiyya ne, ko ɗan at, ko ɗan kasuwanci, zai taɓa kwamfuta. A tsarin da ya gabata akwai darussan sana'a sama da 30, har da ɗaukar hoto da aikin ɗab'i. Sabon ya rage su zuwa 6: sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Kin ga ke nan babu wani darasi guda da za a nuna a ce ga na hoto da bidiyo. Mafi kusa da shi su ne Zane, Kiɗa da Adabin Turanci, dukkansu a ajin at. Saboda haka in aka ce yarinya ta shiga at don tana son tace bidiyo, kada ki ɗauka za ta je ta tarar da kyamara da fitilu a aji. Littattafan adabi za ta tarar, da Gwamnati, da Tarihi. Suna da amfani ƙwarai ga mai son ba da labari, amma kyamarar a waje za ta koye ta, ko wane aji ta shiga.

Ɗaya ɓangaren kuma ƙofarsa tana da makulli. Mai son karanta kimiyyar kwamfuta a ABU Zariya, ko KASU, ko Kadpoly, ko Nuhu Bamalli, galibi sai ya zo da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks, kuma a JAMB ma, cikin darussa huɗun da zai rubuta, Lissafi da Fiziks suna ciki. Fiziks kuwa a ajin kimiyya ake yin sa, da ɗakin gwaji, shekara uku. Wadda ta yi at, ta zo SS3 ta ce ta sake shawara tana son injiniyancin manhaja ko tsaron intanet, sai dai ta koma baya ta nemi Fiziks da Kemistiri daga tushe. Na ga yaran da suka yi hakan, kuma wahala ce ta gaske. Wadda ta yi kimiyya kuma daga baya ta ce aikin jarida ko fim take so, ita ma akwai abin da za ta cike, domin jami'o'i da yawa suna neman Adabin Turanci ga mai shiga sashen aikin jarida. Amma yarinya mai ƙoƙari tana iya zama da littattafan adabi da na Gwamnati ta rubuta su a jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO. Karanta littafi a ɗaki ya fi sauƙin cikewa a kan gwajin da ba ka taɓa riƙe kayansa ba. Wannan rashin daidaito shi ne ƙashin bayan shawarata, sauran duk ƙari ne.

Amma bari in tsaya wa yarinyar a wuri ɗaya, kuma ina roƙon ki isar wa Alhaji cikin ladabi: wannan abu ba wasan yara ba ne, kuma mu mutanen jihar nan mu ne na ƙarshen da ya kamata mu raina shi. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A Kaduna aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, wanda iyayenmu har gobe suke ce wa Rediyon Kaduna, kuma a nan aka fara jaridar New Nigerian a 1966. Sashen zane na ABU ya samo asali ne daga kwalejin da ta gabaci jami'ar, inda ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, sunayen da ake karantawa a tarihin zanen Afirka. A Jos, nan kusa da mu, akwai makarantar koyon fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA. Hukumar jami'o'i ma ta rarraba kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, har da na fim da na watsa shirye-shirye da na talla, kowanne da digirinsa. Wanda ya ce babu karatu a ciki bai leƙa ba ne.

Sai maganar kayan aiki, wadda ita ce ke taɓa aljihu. Nan abin yakan ba mutane mamaki, domin ana ɗauka kodin, wato rubuta manhaja, shi ne mai cin kuɗi. Ba haka ba ne. Tsohuwar laftof 'yar gwanjo mai RAM (wato ƙwaƙwalwar aikin na'ura) giga 4 ta ishi yaro ya koyi harsunan kodin irin su Python da HTML har ya gama sakandare, kuma yawancin aikin ba ya buƙatar data. In ka sauke abin da za ka sauke, sai ka kashe intanet ka zauna da tunaninka. Bidiyo kuwa maƙoshi gare shi. A waya ana farawa lafiya lau da CapCut, zane kuma da Canva ko PixelLab, amma ranar da aka ce aikin kwastoma ne na biki guda, sai an nemi na'ura mai ƙarfi, RAM giga 8 zuwa 16, da wurin ajiya, da makirfo, da fitila, da data mai yawa ta tura aiki. Ga batir: tace bidiyo yana shanye caji kamar rairayi da ruwa, kuma kin san halin wutarmu. Abin da ke rage nauyin shi ne akwai manhajoji na kyauta masu kyau, irin su GIMP da Inkscape na zane, Audacity na sauti, Blender na zane mai motsi, da DaVinci Resolve na bidiyo, ko da yake wannan na ƙarshen ba ya tafiya a raunanniyar kwamfuta.

Ta fuskar samu kuma, sai abin ya juya. Hoto da zane suna kawo kuɗi da wuri. Yarinyar da ta iya haɗa katin gayyata mai tsabta za ta fara karɓar na kati da na data tun tana SS1, domin biki da suna da walima ba sa ƙarewa a garin nan, kuma duk mai sayar da atamfa ko turaren wuta a WhatsApp tana son hoton kayanta ya fito da kyau. Akwai ma wata kasuwa da ta fi buɗe wa mace: kamu da sa lalle da zaman amarya, inda gidaje da yawa ba sa son namiji ya shigo da kyamara tsakiyar mata, amma mata masu ɗaukar hoto ba su da yawa. Sai dai kasuwar a cike take ta ƙasa. Kowa mai waya yanzu mai zane ne, ga fasahar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, tana fitar da fosta cikin daƙiƙa, don haka farashin ƙaramin aiki ya faɗi warwas. Wanda ke ci gaba da samu shi ne wanda ya wuce danna abin da aka riga aka tsara.

Zan ba ki misali da kaina. Aikina na farko mai girma a shago kalanda ce ta wata ƙungiya. A fuskar kwamfuta koren ya fito shar, har ina kiran mutane su gani. Da aka kai injin aka buga, sai ya fito a dushe kamar ganyen da ya kwana biyu a rana. Oga ya sa aka sake bugawa, ya cire a kuɗina. Ranar na san cewa allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu yake haɗawa, kuma akwai launukan da haske ke iya nunawa tawada ba ta iyawa. Irin wannan sanin shi ke raba mai sana'a da mai wasa da waya: yadda ake barin fili a zane ya sha iska, wane rubutu ke karantuwa daga nesa, ina haske ke fitowa kafin a ɗauki fuska, da kuma cewa mai kallo yakan yafe hoto mai rauni amma ba ya yafe sautin da ba ya jin sa. Ga masu rubutu da Hausa ma akwai nasu: sau nawa muka ga allon talla an rubuta ƙasa ba ƙugiya, ta koma kasa? Ba kowane salon rubutu ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma mai zanen da ya san wannan ya riga ya fi rabin abokan sana'arsa.

Kodin shi kuma bishiyar mangwaro ce, ba alayyafo ba. Shekara biyu ta farko ba za ki ga ko sisi ba, kuma ba za ki ga abin nuna wa maƙwabta ba, sai baƙin allo da rubutun Turanci. Yaro zai kwana yana neman abin da ya hana aikinsa tashi, ƙarshe ya tarar waƙafi ɗaya ne ya manta. Yana buƙatar Turanci mai kyau, domin bayanan da ake koyo da su kusan duk da shi aka rubuta. Yana buƙatar lissafi, ba don ana ta ninka manyan lambobi ba, sai don irin tunanin ɗaya ne: ka warware matsala daki-daki ba ka tsallake mataki ba. A jami'a kuwa lissafin gaske ne ake yi a shekarun farko, kuma nan yara da yawa da suka shiga don sun iya waya suke karaya. Amma wanda ya jure, aikinsa ba ya tsaya a unguwa. Yana iya zama a ɗaki a Rigasa ko Kawo yana yi wa kamfanin Legas ko na wata ƙasa aiki, kuma ga 'ya mace wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko bayan aure. Ba kowa ke kaiwa can ba, kuma AI ta fara cinye ƙananan ayyukan kodin kamar yadda ta cinye ƙananan zane. Duk da haka hanyoyin shiga sun ƙaru: akwai cibiyar CoLab a nan Kaduna da ta daɗe tana tara matasa masu wannan harka, akwai kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 don horar da matasa a fannonin fasaha.

Na san a ƙasan zuciyar Alhaji akwai maganar tarbiyya, ko da bai furta ba, kuma yana da gaskiya ya damu. Kowane ɓangare da irin ramin da ke gabansa. A harkar bidiyo ramin shi ne son a san ka: yarinya ta fara a bayan kyamara, sannu a hankali ta dawo gabanta tana neman mabiya a TikTok. Ga dawowar dare daga wurin biki, ga amanar hotunan matan mutane da ke cikin wayarta. Wannan sai an kafa doka tun farko: ba a ɗora hoton kowa sai da izininsa, ba a ɗaukar waƙa ko zanen wani a ce na kai ne, kuma ƙasar nan tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 a kan satar fasahar wani. A ɓangaren kwamfuta ramin ya fi shiru, shi ya sa ya fi ba ni tsoro. Yaro yana ɗaki, iyaye suna murna yana karatu, ashe wasu sun ja shi cikin damfarar intanet ko satar asusun mutane, laifin da dokar 2015 ta tanadar wa ɗauri. Kada wani ya ɗauka ajin kimiyya katanga ne. Ido dai, a duka biyun.

To ga abin da nake gani. Tunda lissafi ba ya ba ta wahala, ta shiga kimiyya, amma da sharaɗin da za a faɗa a gabanta kuma a cika: ba za a ƙwace mata zane da bidiyo ba, za a ma taimaka mata a kai. Wani zai ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne in a lokaci ɗaya aka cusa su. Amma nan ɗaya na ranakun makaranta ne, ɗaya na Asabar da dogon hutu, kuma can gaba hanyoyin suna haɗuwa. Duk manhajar da ke wayarki, ta banki ko ta sayen kati, akwai wanda ya zauna ya tsara fuskarta: ina maɓalli zai zauna, wane launi, me tsohuwa za ta gane ba sai an nuna mata ba. Wannan aiki ne mai zaman kansa, haka tsara shafukan intanet, haka zane mai motsi da wasannin kwamfuta. Masu kodin da yawa ba su da idon kyau, masu zane da yawa kuma suna tsoron kodin. Yarinyar da ta riga ta zo da ido, aka ƙara mata Fiziks da Lissafi, wurin nan nata ne.

Da Hajiya ta ce min yarinyar kuka take yi ranar jarrabawar lissafi tun JSS1, da amsata ta canza, kuma ba zan ji kunyar faɗa ba. Na koyar da yaran da aka tura kimiyya don a ce ɗan wane ɗan sayans ne, suka shekara uku a bayan aji, suka fito ba kiredit a Fiziks, ba kuma Adabin da zai kai su inda suke so. Irin wannan yaro gara ya shiga at da ƙarfinsa, ya riƙe Turanci da Adabi da Zane da Hausa da kyau, ya nufi aikin jarida ko zane ko fim kansa a ɗage. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kafin ki sa hannu a takardar, akwai gwajin da nake ba iyaye, ba ya cin kuɗi. Ki ba ta aiki biyu, kowanne mako guda. Na farko, ta ɗauki kakarta tana bayanin yadda ake dambu ko fura, ta tace shi ya zama minti biyu, murya na fita tar, ba kiɗan aro. Na biyu, ta sauke Pydroid, manhajar rubuta Python, a waya, ko ta buɗe Scratch, manhajar koya wa yara kodin, a kwamfutar wani, ta haɗa ɗan abin da zai lissafa adashin gida: mutum nawa, zubi nawa, wa zai kwasa a wane mako. Kada ki duba wanne ya fi kyau, na farkon zai fi kyau tunda ta saba. Ki duba abin da take yi in na biyun ya ƙi tashi. In ta ajiye wayar ta yi tsaki ba ta sake komawa ba, kin samu labari. In kuwa kin gan ta bayan isha'i ta sake ɗauka tana cewa bari in ga inda na yi kuskure, to ki kwantar da hankalinki, za ta iya kimiyya.

Sannan ki taka da ƙafarki zuwa makarantar, zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ki tsaya a ofishin shugaba, ki ce a nuna miki ɗakin kwamfuta a ranar karatu. Na taɓa koyarwa a wata makaranta da kwamfutoci ke jere an lulluɓe su da leda, ana buɗewa ne kawai in baƙi za su zo, ni kuma ina zana madannai a allo da alli ina cewa yara su kwafa. Har yau abin yana ci mini rai, domin waɗannan yaran JAMB ke jiransu, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, kuma wasunsu ranar jarrabawa suka fara riƙe linzamin kwamfuta. Ki tambaya sau nawa a mako yaro ke zama da hannunsa a kan na'ura, su nawa ke raba guda ɗaya, me ke kunna ɗakin in an ɗauke wuta, sola ko janareta. Ki tambaya ko akwai malamin Fiziks na dindindin da ɗakin gwaji mai kaya. Ki ce a rubuta miki jerin darussan da za su yi wa ajin 'yarki rajista da su a WAEC da NECO, ki kai wa wanda zai gwada miki su da kundin kwasa-kwasan JAMB tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kuma ji ko suna barin yaro ya sauya ɓangare a zangon farko na SS1, makarantu da yawa suna bari.

In za a saya mata wani abu bana, ni laftof zan ce, ko 'yar gwanjo ce, ba sabuwar waya ba. A kanta za ta koyi buga rubutu da yatsu goma, ta koyi Excel, ta fara Python, ta kuma koyi CorelDRAW na zane, wanda shi ne harshen da shagunan buga takardu na garin nan suke ji. A dogon hutu kuma a samo mata mace mai ɗaukar hoto ko shagon ɗab'i na wanda kuka yarda da shi, ta riƙa zuwa da safe tana dawowa kafin la'asar. In kun yi gwajin adashin, ki turo min abin da ta rubuta ko da bai tashi ba, zan duba mata in nuna mata layin da ya tsaya. A gaida Alhaji.